Yadda Mata Suka Ja Baya a Ilmin Kwamfuta

A shekarar 1945, sa'ad da aka ƙera na'urar lissafi mai suna ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, mata shida masana lissafi aka ɗora wa alhakin tsara mata aiki, domin mutanen wancan zamani sun ɗauki wannan sana'a tamkar aikin akawu. Amma da martabarta ta ɗaukaka, albashinta ya yi tsoka, sai maza suka mamaye ta. Da kwamfuta ta shiga gidaje kuwa, aka riƙa tallata ta ga yara maza. Sannu a hankali al'amari ya juya, har mata, waɗanda a 1984 suka kai kashi 37 cikin ɗari na masu samun digirin wannan fanni a ƙasar, suka ragu zuwa kimanin kashi 18 a 2010.