Asalin Dankali a Tukunyar Mutanen Ailan

A biranen Dublin da Cork da Galway na ƙasar Ailan akwai sana'ar zagayawa da baƙi a ƙafa, inda ɗan jagora yake bi da su kasuwanni da gidajen abinci suna ɗanɗana girke-girken gargajiya, kuma da wuya a ajiye musu kwano babu dankalin Turawa a ciki. Ana ba su farfesun naman tunkiya da albasa da dankali, ana ba su colcannon, wato dankali da aka kirɓa da kabeji da man shanu, sannan ga boxty, wata irin waina da ake yi da gurzajjen ɗanyen dankali haɗe da dafaffe, wadda ta fi yawa a yankunan Leitrim da Cavan.

Shi kuwa dankalin baƙo ne a tsibirin. Asalinsa duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, inda mutanen da ke kewayen tafkin Titikaka suka shafe dubban shekaru suna nomansa kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16. A ƙarshen wannan ƙarni ne ya isa Ailan. Akwai riwayar da ke cewa wani Baturen Ingila mai suna Walter Raleigh ne ya fara dasa shi a garin Youghal, sai dai masana tarihi da yawa ba su gamsu da ita ba. Kafin zuwansa mutanen Ailan makiyaya ne, abincinsu nono da man shanu da cuku da kunun hatsi, har ma sukan binne man shanu a cikin fadama don ya daɗe, kuma har yau masu haƙa suna cin karo da irinsa.

Abin da ya ɗaukaka dankali shi ne rashin gona. Bayan yaƙin da Cromwell na Ingila ya kai wa Ailan, a shekarun 1650 an ƙwace filaye masu yawa daga hannun 'yan ƙasa aka mallaka wa waɗanda suka zo daga Ingila, talakawa suka koma 'yan haya a kan ƙasar kakanninsu, suna biyan kuɗin hayar da hatsi da dabbobin da suka sayar. Ɗan ragowar filin da ya saura wa iyali kuwa babu amfanin gonar da zai ciyar da su a kansa kamar dankali, domin yana yi a ƙasa mai danshi da duwatsu, ana tayar masa da kunya da shebur, mutanen gaɓa kuma suna yi masa taki da ciyawar teku. Idan aka haɗa shi da tsala, wato nonon da aka cire wa mai, yana riƙe jiki sosai, har an rubuta cewa ƙato ɗan ƙwadago yakan ci kimanin kilo 6 a rana. Da haka jama'a ta yawaita, ƙidayar 1841 ta nuna mutane fiye da miliyan 8, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ba su da wani abinci sai shi, mafi yawa iri guda da ake kira Lumper.

A 1845 wata cuta mai ruɓar da dankali tun yana ƙasa ta shigo, ta kuma dawo shekara bayan shekara. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan 1 suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke bin ta, wasu fiye da miliyan 1 suka yi ƙaura, akasari zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Abin takaicin da ba a iya wanke gwamnatin Birtaniya, mai mulkin Ailan a lokacin, daga gare shi ba shi ne, a cikin waɗannan shekaru jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da shanu da man shanu daga tashoshin Ailan ba. Taimako ya zo daga nesa: Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulmajid na Ɗaya, ya aika fam 1,000, ƙabilar Choctaw ta Amurka ma, duk da nata talaucin, ta tara gudummawa a 1847.

A wannan zamani ne kuma burodin soda ya bazu, wanda ake kwaɓawa da tsala da wani farin gari mai aikin kanwa maimakon yis, a gasa shi cikin tukunyar ƙarfe a kan wuta. Don haka abincin da ake yi wa baƙi ado da shi a yau girkin talaka ne, kuma ɗan jagoran da ya ba baƙo boxty bai ambaci yunwar 1845 ba ya tauye masa rabin labari. Yawan mutanen tsibirin gaba ɗaya a yanzu ya ɗan haura miliyan 7, wato har yau bai koma adadin 1841 ba.