Mutumin da ke Ɗakin Inji

Na fara cin karo da wannan labari ne ta wani hoto a littafin tarihin Amurka: ɓawon kwakwa da aka kankara wa rubutu da wuƙa, ajiye a kan teburin Shugaba John Kennedy. Bayanin hoton ya nuna cewa da wannan ɓawo Kennedy ya ceci mutanensa a Yaƙin Duniya na Biyu. Na daɗe ina riƙe da labarin a haka, har ranar da na tambayi kaina su wane ne waɗannan mutanen nasa, kuma wa ya kai saƙon. Neman amsar ne ya kai ni ga wani bakanike, sojan ruwa, mai suna Patrick McMahon.

Kafin a fahimci aikin McMahon sai an san irin jirgin da ya yi aiki a ciki. PT-109 na daga cikin ƙananan jiragen ruwan yaƙi da Amurka ta ƙera don harba tofido, wato makamin nan mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin babban jirgi. Tsawonsa ƙafa 80 ne, jikinsa na katako, ba shi da sulken ƙarfe. Abin da ya dogara da shi gudu ne: injuna 3 ƙirar Packard, masu iya kai shi fiye da kilomita 70 a awa, suna shan fetur irin na jirgin sama, wanda jirgin kan ɗauki galan 3,000 nasa. Ke nan mutanen ciki suna zaune ne a kan tankin fetur da aka lulluɓe da katako. McMahon kuwa shi ne mafi kusa da wutar, domin wurin aikinsa ɗakin inji ne, cikin zafi da ƙara, inda ba ya ganin sama balle abokan gaba, sai dai alamar da matuƙi ya aiko masa. Shekararsa 37 a cikin samari, shi ya sa suke kiransa Pappy, wato Baba.

A daren 1 ga Agusta, 1943, irin waɗannan jirage guda 15 suka fita daga Rendova, a Tsibiran Solomon, don tare jiragen yaƙin Japan masu kai sojoji da kaya tsibirin Kolombangara. An harba tofido kusan 30 a wannan dare, ko ɗaya bai sami jirgi ba. PT-109 ba shi da na'urar hango jirage a duhu, kuma yana tafiya ne a hankali da inji guda, don kada kumfar bayansa ta tona masa asiri ga jiragen sama. Bayan ƙarfe 2 na dare, a mashigin Blackett, jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri ya ɓullo daga duhu da gudu, ya tsaga shi. Daga cikin mutum 13, Andrew Kirksey da Harold Marney suka mutu nan take. McMahon ya tsinci kansa cikin ruwan da fetur ke ci a samansa, ya ƙone a fuska da ƙirji da hannuwa.

A nan ne Kennedy, laftanar ɗan shekara 26, ya yi abin da babu mai musanta masa. Da ragowar jirgin ta fara nitsewa da rana, mutum 11 suka nufi wani ɗan tsibiri mai nisan fiye da kilomita 5. Tara suka riƙe wani gungumen katako suna tura shi, shi kuwa ya ciji igiyar rigar ceton McMahon, ya ja shi a bayansa har tsawon wajen awa 4. Nakan tsaya in yi tunanin wanda ake jan, kwance rigingine, ruwan gishiri na shiga ƙunarsa, yana jin numfashin yaron da ke jansa yana ƙara nauyi, ba shi da abin taimako sai ya daure ya yi shiru. Bayan kwana biyu yunwa da ƙishi suka kore su zuwa tsibirin Olasana mai itatuwan kwakwa, Kennedy ya sake jan sa kamar farko.

A sansaninsu an riga an ɗauke su matattu. Waɗanda suka gano su wasu samari biyu ne 'yan asalin tsibiran, Biuku Gasa da Eroni Kumana, masu leƙen asiri a kwale-kwale ƙarƙashin wani jami'in Ostireliya, Reginald Evans, da ke ɓoye a Kolombangara. Gasa ne ya nuna wa Kennedy cewa ana iya rubutu a jikin kwakwa. Su biyun suka ɗauki ɓawon, tare da wata takarda da mataimakin Kennedy, Leonard Thom, ya rubuta da fensir, suka tuƙa fiye da kilomita 50 ta cikin ruwan da Japan ke sintiri, alhali da an kama su da saƙon da kwanansu ya ƙare. Ranar 8 ga Agusta jirgin PT-157 ya dawo da mutum 11 Rendova da ransu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. A 1944 marubuci John Hersey ya wallafa labarin a mujallar New Yorker, daga baya aka riƙa raba shi a yaƙin neman zaɓen Kennedy, a 1963 kuma aka yi fim a kansa. Kwakwar tana ajiye yau a ɗakin tarihin Kennedy da ke Boston. Gasa da Kumana ba su halarci rantsar da shi a 1961 ba. Suka tsufa a tsibiransu, na farko ya rasu a 2005, na biyu a 2014. McMahon kuwa, a yawancin littattafai, ba shi da wani matsayi sai na mai raunin da aka ja.

Ba zan ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ba, domin shi ma gardin ya sha bugu, kuma da bai ciji igiyar nan ba da McMahon bai kai gaci ba. Abin da nake cewa shi ne, jirgi ƙarami irin wannan ba ya barin kowa ya zama jarumi shi kaɗai. Matuƙi bai isa ya motsa ba sai bakanike ya ba shi inji. Bakanike bai san inda aka nufa ba sai ya amince da idon matuƙi. Dukkansu kuma, da katakon ya tsage, ransu ya koma hannun masu kwale-kwale biyu da ba su taɓa gani ba. Tarihi ya fi son suna guda saboda ya fi sauƙin riƙewa, amma sauƙin riƙewa ba adalci ba ne.

Tun daga lokacin, duk sanda na sake ganin hoton kwakwar, nakan lissafa hannuwan da suka sa ta isa teburin nan, in fara da na mutumin da ya kwana 6 da ƙuna a jikinsa, babu magani, yana jiran kwale-kwale ya dawo.