Cincila Mai Launin Bayolet: Daga Rodeshiya Zuwa Teburin Alƙalai

Cincila wata ƙaramar dabba ce mai gwaguyar abinci irin ta ɓera da gafiya, mai manyan kunnuwa da jela buzu-buzu kamar ta kurege. Asalinta tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, kuma can a gida launinta ɗaya ne: ruwan toka a baya, fari a ciki. Gashinta ne ya ja mata bala'i. Inda ɗan Adam ke fitar da sili ɗaya ko biyu daga kowace kafar gashi, cincila na fitar da fiye da hamsin. Laushin ya sa 'yan kasuwar fata suka yi ta farautarta har ta kusa ƙarewa, sai a 1910 Chile da Peru da Bolibiya da Ajantina suka ƙulla yarjejeniyar hana kama ta.

Kiwonta a keji ya kankama ne a 1923, lokacin da wani injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya iso Kalifoniya daga Chile da guda 11. Yawancin cincilar da ake kiwo a duniya yau daga wannan ɗan garke suka fito.

Shekara talatin da 'yan kai masu kiwo ba su da buri sai kyautata ruwan tokar, kuma da dalili. Doguwar riga guda tana cin fata fiye da ɗari, kuma dole launinsu ya zo ɗaya, don haka ɗan da ya fito da baƙon launi tamkar asara ne. Sai a 1955 aka haifi farar cincila a Amurka, wadda ta ɗauki sunan mai garken, Wilson. Bayanta launin ƙasa-ƙasa mai haske ya biyo da sunan Nick Tower na jihar Oregon, sannan baƙi mai sheƙin karammiski da Bob Gunning ya inganta a jihar Washinton. Waɗannan uku masu rinjaye ne: mahaifi ɗaya ya isa ya ba ɗa launin. Sai dai fari da baƙin karammiski na ɗauke da tarko. Idan aka haɗa fari da fari, ko baƙi da baƙi, ɗan da ya gaji ƙwayar gadon launin daga ɓangarorin biyu ba ya rayuwa, tun yana ciki yake lalacewa.

Bayolet ya zo ta wata hanya dabam, kuma daga inda ba a zata ba. A shekarun 1960 ya ɓulla a wani garke a Rodeshiya, ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu. Daga can dabbobin suka koma hannun Lloyd Sullivan a Kalifoniya, shi ya sa Amurkawa ke liƙa wa launin sunansa. Masu kiwo a Jamus kuwa suna haɗa sunan da Afirka, don bambanta shi da wani bayolet mai duhu da ya fito a ƙasarsu.

Wanda ya ji sunan zai yi tsammanin ganin dabba shunayya. Ba haka abin yake ba. Launin ya fi kusa da na kurciya, toka-toka mai laushi da ɗan sirkin shunayya wanda sai a haske mai kyau yake fitowa sosai. Idanun baƙaƙe ne, ciki kuma fari fat.

Abin da ya sa yake wuyar samu lissafi ne kawai. Ƙwayar gadon bayolet mai ɓuya ce, ba ta nuna kanta sai ɗa ya same ta daga uwa da uba duka. A haɗa bayolet da ruwan toka zalla, duk 'ya'yan za su fito ruwan toka, kowanne na ɗauke da ƙwayar a ɓoye. A haɗa biyu masu ɗauke da ita, ɗaya cikin huɗu ne ake sa ran zai zama bayolet. Ga shi cincila ba zomo ba ce wajen haihuwa: cikinta kwana 111 ne, kuma galibi 'ya'ya biyu take saukewa. Mai kiwo na iya shafe shekara cur bai ga launin da yake nema ba.

Nan ne masu gaggawa suke faɗawa rami. Hanya mafi sauri ita ce a yi ta haɗa bayolet da bayolet, dangi da dangi, domin duk 'ya'yan za su fito da launin. Amma bayan 'yan zuriya jiki yakan ƙanƙance, gashi ya yi shara-shara. Ƙwararru kan koma su haɗa da ruwan toka mafi inganci, su haƙura da zuriya guda da babu bayolet ko ɗaya a cikinta, don su dawo da girma da kaurin gashi.

Gasar baje koli ce ke tona wanda ya yi haƙurin. A Amurka ƙungiyoyi biyu ne suka yi fice wajen shirya ta, Empress da MCBA, wadda aka kafa musamman don masu kiwon baƙin launuka. Ana jera dabbobin a ƙananan keji ƙarƙashin fitilu masu kwaikwayon hasken rana. Alƙali na duba cikar jiki, musamman wuya da kafaɗa, da yawan gashi da yadda yake tsaye, da tsabtar launi. Ɗan ja-ja ko rawaya a gashin bayolet aibi ne babba, haka ma ciki mai dauɗar launi. Wuyar samun launi ba ta ba da maki, kuma daidai ne hakan, don in ba haka ba da gasar ta koma ta masu sa'a.

Tun da kasuwar cincila ta karkata zuwa dabbar gida, darajar launukan ta tashi. Wanda ake rububi a kai shi ne haɗin bayolet da safaya, wani launi mai ɓuya da ya fito a garken Larsen a jihar Indiyana a 1963. Ana kiran haɗin shuɗin lu'ulu'u. Iyayen da ke ɗauke da ƙwayoyin biyu a ɓoye, ɗaya cikin 'ya'ya 16 ne ake sa ran za su haifa da wannan launi.