Franz Liszt da Asalin Wasan Piyano na Mutum Ɗaya

A manyan zaurukan kiɗa na duniya, makaɗin piyano kan fito dandamali shi kaɗai, ya zauna jama'a na kallonsa ta gefe, ya kwashe wajen awa biyu yana kiɗa da ka, babu takarda a gabansa. Wannan tsari bai kai shekara 200 ba, kuma Franz Liszt ne ya fi kowa hannu wajen kafa shi.

Kafin zamaninsa, babban makaɗi a Turai galibi bara ne a gidan sarauta, kamar makaɗan fada a ƙasar Hausa: ci da suturarsa na wuyan ubangidansa. Joseph Haydn ya yi kusan shekara 30 yana hidima a gidan Esterházy. Wasan da ake biyan kuɗi a shiga kuwa haɗin gambiza ne. Ƙungiyar makaɗa ta buɗe, mawaƙiya ta rera, mai goge ya yi nasa, mai piyano ya taɓa ɗan rabonsa ya ba da wuri.

An haifi Liszt ranar 22 ga Oktoba, 1811, a ƙauyen Raiding, wanda a lokacin yake cikin Hungari, yanzu kuma Ostiriya. Mahaifinsa, Adam, ma'aikacin gidan Esterházy ne, shi ya fara ɗora masa yatsu a kan piyano. Yana ɗan shekara tara ya yi wasa a bainar jama'a, har wasu masu sarauta suka ɗauki nauyin karatunsa. A 1822 ya zauna gaban Carl Czerny, almajirin Beethoven, a birnin Biyenna. Da shi da mahaifinsa suka isa Paris a 1823, babbar makarantar kiɗa ta birnin ta ƙi karɓarsa saboda baƙo ne. Mahaifin ya rasu a 1827, yaron ya koma koyar da 'ya'yan masu hali don ya riƙe mahaifiyarsa.

Abu biyu suka sauya masa hanya. Na farko, a 1832 ya ga Niccolò Paganini, ɗan Italiya, yana goge a Paris, ya ƙudura sai ya yi wa piyano abin da wannan ya yi wa goge. Ya duƙufa atisaye ba dare ba rana. Na biyu, ita kanta piyanon ta canza. A 1821 Sébastien Érard ya ƙirƙiro dabarar da 'yar gudumar ciki za ta sake bugun tsirkiya tun kafin maɓalli ya gama dawowa, don haka ana iya maimaita sauti ɗaya da matuƙar sauri. Muryarta ma ta ƙaru har tana cika zaure.

Sai dai cika dare guda da piyano kaɗai yana bukatar abin kaɗawa mai yawa. Liszt ya ɗauko kiɗan da aka tsara wa ƙungiya guda, ya mayar da shi na yatsu goma. Haka ya yi wa manyan kaɗe-kaɗen Beethoven da waƙoƙin Schubert. A zamanin da babu rediyo babu faifai, mutanen ƙananan garuruwa da dama ta hannunsa suka fara jin waɗannan ayyuka.

A 1839 ya gwada wasa shi kaɗai a birnin Rum. Ranar 9 ga Yuni, 1840, ya maimaita a zauren Hanover Square na Landan, kuma daga nan abin ya kama. Yakan juya piyano a buɗe murfinta wajen masu sauraro don sauti ya same su kai tsaye, ya kaɗa yawancin abin da ka. A St Petersburg a 1842, piyano biyu aka ajiye masa suna kallon ɓangarori dabam, yana tashi daga wannan zuwa waccan don kowa ya ga hannunsa.

Tsakanin 1839 da 1847 ya yi wasa sama da 1,000, daga Lisbon zuwa Mosko, har Istanbul inda ya kaɗa wa Sarki Abdulmajid. A Berlin ya yi wasa 21 cikin mako goma. Mata na rububin safar hannunsa, wasu na tsintar tsirkiyar da ta tsinke a yi musu abin hannu da ita. Ranar da zai bar garin, keken da fararen dawaki shida ke ja aka sa shi. Dukiyar da ya tara bai ci shi kaɗai ba: ya tallafa wa waɗanda ambaliyar birnin Pest ta 1838 ta shafa, ya kuma zuba kuɗi mai yawa a gunkin tunawa da Beethoven da aka buɗe a Bonn a 1845.

Ba shi kaɗai ya gina al'adar ba. Clara Schumann, wadda ta shafe shekara 61 tana wasa, ita ma da ka take kaɗawa, kuma ta taimaka wajen sa makaɗa su fifita ayyukan magabata irin su Bach da Beethoven a kan nuna gwanintar yatsu.

A watan Satumba na 1847, yana da shekara 35, Liszt ya yi wasansa na kuɗi na ƙarshe a Elisabetgrad, cikin Yukren ta yau. Ya zauna a Weimar ta Jamus yana tsara kiɗa, yana jagorantar makaɗan fada. Ya kuma yaɗa salon koyarwar da ɗalibi zai kaɗa a gaban 'yan uwansa, malami na gyara kowa na ƙaruwa, ba ya karɓar ko sisi. Ya rasu a Bayreuth ranar 31 ga Yuli, 1886. Makarantar kiɗa ta Budapest, wadda ya zama shugabanta na farko a 1875, sunansa take amsawa har yau.