Yadda ake kula da daɓen sabon gida a Briqueterie da Mokolo

A unguwar Briqueterie da kewayen kasuwar Mokolo, a gunduma ta 2 ta birnin Yawunde, tsofaffin gidajen laka da na katako suna ta ba da wuri ga gidajen bulo da benaye. Unguwar, wadda sunanta na asali Ekoudou, ta samo sunan da aka fi saninta da shi daga masana'antar tubali ta zamanin Jamusawa, kuma ita ce babbar matattarar Hausawan birnin. A gidan Bahaushe ƙasan ɗaki ba wurin takawa ba ne kawai. A nan ake shimfiɗa darduma a yi salla, a nan ake zama a ci abinci, a nan jariri yake rarrafe. Daɓe kuma yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi wajen ƙarasa gini, gyaransa bayan an tare kuwa sai an kwashe kaya an fasa.

Abin da ke cin daɓe a Yawunde

Yawunde tana kan tuddai, kimanin mita 750 daga tsayin teku, kuma tana samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara. Damina biyu ake yi: ƙarama daga tsakiyar Maris zuwa Yuni, babba daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. Rani mai tsawo yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan yanayi ya sa daɓe yana fama da abubuwa uku. Na farko jar ƙasar birnin, wadda da rani ƙura ce mai kartar fuskar daɓe kamar sanfefa, da damina kuma laka ce mai rina. Na biyu danshi mai tasowa daga ƙarƙashin gini, musamman a gidajen da ke gangare kusa da rafukan da ke malala zuwa Mfoundi. Na uku magungunan wanki masu ƙarfi da ake zubawa ba tare da duba irin daɓen ba.

Kafin a tare

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Siminti yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma a makon farko dole a riƙa yayyafa masa ruwa don kada ya tsattsage. Ƙarfi daban, bushewa daban: a ƙa'idar magina, kowace santimita ɗaya ta kaurin daɓe tana son kimanin mako guda kafin ta bushe, da damina ma fiye da haka.

Akwai gwaji mai sauƙi. A shimfiɗa farar leda mai faɗin rabin mita a ƙasa, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. Idan aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, daɓen bai bushe ba, kuma bai kamata a rufe shi da leda, kafet ko katako ba tukuna.

Mai haya kuma ya zaga ɗakunan tare da mai gida kafin ya shigar da kaya, a rubuta duk karon da ya fashe da duk tabon da aka tarar, a ɗauki hoto. Wannan takarda ce za ta hana a zaftare masa kuɗin ajiya ranar da zai tashi.

Daɓen siminti

Shi ne ya fi yawa kuma ya fi araha. Siminti ba ya wuyar samu, domin Cimencam tana da masana'anta a Nomayos, a bakin Yawunde, Dangote kuma a Duwala. Matsalar daɓen siminti ita ce yana shan duk abin da ya zuba masa, kuma in an yawaita yashi ko ruwa a kwaɓi sai ya riƙa fitar da gari.

A share shi kullum da tsintsiya mai laushi, a goge da ruwa da ɗan sabulun wanki. Kada a sa masa asid, lemon tsami ko ruwan khal, domin tsami yana narkar da siminti ya bar shi da ramuka. Daɓen da ke fitar da gari ana iya shafa masa maganin ƙarfafa siminti ko fentin ƙasa, amma sai ya bushe sarai, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Ƙaramar tsaga a cike ta da wuri, tun da sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da take ƙara faɗi, ko wadda ta haura bango, alamar ƙasa ce take motsi, sai a kira magini.

Karo

Karo, wanda a Najeriya ake kira tayil, shi ne zaɓin yawancin sababbin gidaje. Ba duka ba ne iri ɗaya. Wanda Faransawa ke kira grès cérame ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, shi ya sa ya dace da falo da madafa. Mai suna faïence na bango ne, in aka shimfiɗa shi a ƙasa ba ya daɗewa. A jikin kwali akan ga alamar PEI daga 1 zuwa 5, kuma falon da ake yawan shiga yana son 4 ko sama. Alamar R kuma ta santsi ce: banɗaki, wurin alwala da baranda suna son R10 ko R11. Karo mai sheƙi a wurin da ruwa ke zuba shi ne yakan kayar da tsofaffi da masu juna biyu.

A sayi ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan ma'aunin ɗakin, daga zubi ɗaya, a adana ragowar. Bayan shekara biyu da wuya a sake samun launi iri ɗaya a kasuwa. Bayan an shimfiɗa, a bar shi awa 24 zuwa 48 kafin a taka, kaya masu nauyi kuma su jira mako guda. A ƙwanƙwasa kowane karo da sanda: wanda ya yi ƙarar holoƙo bai kama ba, kuma shi zai fara fashewa. Dole a bar ɗan tsagi tsakanin karo da karo da kuma a gindin bango. In aka matse su, zafi da sanyi za su sa su taso tsakiyar ɗaki.

Wankin yau da kullum ba ya buƙatar fiye da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Yawan sabulu yana barin maiƙo mai kama ƙura. A share kafin a jiƙa, domin jar ƙura in ta haɗu da ruwa tsagin karo take shiga ta rina shi. Tsagin da ya yi baƙi ana goge shi da tsohon buroshin haƙori da kwaɓin bikarbonat. Asid da ake sayarwa a kwalba don cire ragowar siminti yana cin tsagin, yana sa ƙofofin ƙarfe tsatsa. In dole ne, sau ɗaya kawai bayan gini, a sirka shi sosai ta hanyar zuba asid a cikin ruwa, ba ruwa a cikin asid ba, a sa safar hannu, a buɗe tagogi, a ɗauraye da ruwa mai yawa.

Garanito da marmar

Garanito tsakuwar marmar ce da ake kwaɓawa da siminti a goge da inji. Yana iya wuce shekara hamsin, kuma in ya dushe ana sake goge shi ya dawo sabo. Abokin gabarsa tsami ne: ɗigon lemo, zoɓo ko ruwan khal yakan bar tabo fari wanda wanki ba ya cirewa. Ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi sun isa, sai a tsane da busasshen tsumma.

Ledar ɗaki

Ledar shimfiɗa, wadda a Kamaru aka fi sani da gerflex, ita masu haya da amare suka fi saya. Tana son ƙasa mai santsi, don ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ce a ƙarƙashi za ta huda ta. A goge ta da tsumma mai ɗan laima, kada a kwarara ruwa, domin yana bi ta gefe ya kwanta a ƙasa ya haifar da fumfuna da wari. Da damina a riƙa ɗaga gefenta ana shan iska. Garwashi, dutsen guga da kaskon turaren wuta suna narkar da ita nan take, saboda haka a ɗora kasko a kan karo ko faranti mai kauri. Kujera da gado a ɗaga su, kada a ja.

Katako

Kamaru ƙasar katako ce. Iroko, doussié, moabi da padouk suna da tauri kuma suna jure ƙwari, ayous kuwa laushi gare shi, bai dace da ƙasa ba. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, don haka sai wanda ya bushe sosai, a ajiye shi kwanaki a ɗakin kafin a kafa, a bar tazarar kusan santimita ɗaya a gindin bango. Ba a wanke shi da ruwa. Wanda aka shafa wa mai ana sabunta masa sau ɗaya ko biyu a shekara. Siririyar hanyar ƙasa a jikin bango alamar gara ce, kuma ba a jira da ita.

Kafet da darduma

Kafet mai rufe ɗaki duka yana tara ƙura da danshi, abin da ke tayar wa masu asma ciwo. A Yawunde, darduma ko kafet da za a iya naɗewa a kai rana ya fi. In abu ya zuba, a danna da tsumma daga gefe zuwa tsakiya, kada a cuɗa. Fitsarin yaro a tsane shi tukuna, sannan a zuba ruwa mai tsabta a sake tsanewa har wari da launi su tafi. Babban wanki a bari sai Disamba ko Janairu, lokacin da zai bushe cikin yini.

Tabon da aka fi gani

Manja da man suya: a rufe da gari ko bikarbonat ya tsotse, sannan sabulun kwanuka da ruwan ɗumi. Goro, lalle da shayi: a wanke nan take da ruwan sanyi, don in sun kwana sun kama. Tsatsar ƙafar gado ko tukunyar gas: lemon tsami da gishiri, a kan karo kaɗai. Durom ɗin ajiyar ruwa a ɗora shi a kan katako, a riƙa duba ƙarƙashinsa.

Gargaɗi mafi muhimmanci shi ne kada a haɗa ruwan javel da asid, ruwan khal ko maganin wanke masai. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a ƙaramin banɗaki mara taga tana iya kisa. Duk wanda ya shaƙa, a fitar da shi sarari a kai shi asibiti.

Hanyar da ta fi araha

Tsohon daɓen gargajiya, wanda mata kan buga da madaɓi su shayar da shi ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, yana daɗewa ne saboda ana share shi kullum kuma ba a shiga da takalmi. Dokar ba ta canza ba. Ajiye takalma a ƙofa, abin goge ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, da liƙa ƙyalle mai kauri a ƙafafun kujeru suna rage yawancin karce. Kafin Maris da kafin ƙarshen Agusta kuma a yashe magudanar da ke gaban gida, a duba indararo, a tabbatar tsakar gida tana gangara waje, dokin ƙofa kuma ya fi ta tudu. Ruwan da bai shigo ɗaki ba, ba ya ɓata daɓe.