HANNUN BAFFA DA KE RAWA

Yau 11 ga Afrilu, ranar da duniya ta ware don cutar Parkinson, wadda mu muke ce wa ciwon karkarwa. Tun safe nake leƙa Facebook, siyasa ce kawai ke tashi. To ni kam sai na yi magana, don ciwon yana cikin gidanmu. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Baffana ya fi shekara talatin yana ɗinki a bakin kasuwar Tudun Wada. Shekara shida da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa in yana zaune, kamar mai jan carbi, in ya miƙa zai ɗauki almakashi sai rawar ta lafa. Daga baya zura zare a allura ya gagare shi, takunsa ya gajarce, fuskarsa ta daskare har jikoki suka ce Baffa ya daina dariya. A cikin dangi kowa da fatawarsa. Wannan ya ce sammu ne daga abokin sana'a, wancan ya ce iska, wata ta ce tsufa ne kawai. An sha rubutu, an yi hayaƙi, tumaki biyu suka tafi. Shekara biyu muka ɓata kafin muka kai shi asibitin koyarwa na ABU a Shika. Likita ya sa shi ya yi tafiya, ya buɗe yatsu ya rufe, ya lanƙwasa masa hannu, sai ya faɗi sunan ciwon. Wallahi ni mai taƙama da digiri ranar kunya ta kama ni. Shi ya sa na shiga bin tarihin abin.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka, akwai wani sashe da bai wuce tsawon yatsa ba. Mu kira shi gindin ƙwaƙwalwa. A cikinsa akwai 'yan ƙananan gungu na ƙwayoyin jijiya masu haɗa wasu sinadarai uku 'yan gida ɗaya, dopamin da noradarenalin da adarenalin, waɗanda a dunƙule ake kira katekolamin. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, amma waɗannan duk an tara su ba su kai miliyan ɗaya ba. Su ne kuma ke riƙe da motsinmu, da farkawarmu, da hawan jininmu da saukarsa, da kwaɗayin da ke tashinmu neman abu.

Likitan da aka sa wa ciwon sunansa, James Parkinson, bai san ko ɗaya daga wannan ba. A 1817 ya rubuta ɗan littafi a Landan kan mutum shida, wasunsu ma a kan titi kawai ya hango su. Sai da aka yi shekara ɗari da biyu, a 1919, wani ɗalibi ɗan Rasha mai suna Konstantin Tretiakoff ya duba ƙwaƙwalwar mamata a Paris, ya lura cewa wani baƙin tabo da kowa ke da shi a gindin ƙwaƙwalwa ya koɗe a masu wannan ciwo. Tabon ana ganinsa da ido, da Latin ana ce masa substantia nigra, wato baƙin abu. Manyan likitocin zamanin da yawa ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba.

A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba zomaye wani magani mai suna risafin, suka sandare kamar gumaka. Da ya ba su sinadarin dopa, wanda jiki ke juyawa zuwa dopamin, cikin mintuna suka miƙe suna tsalle. A Biyana ta Austiriya wani matashi, Oleh Hornykiewicz, ya karanta wannan aiki, ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da ciwon karkarwa, a 1960 ya nuna dopamin ɗinsu ya kusa ƙarewa. A 1961 shi da Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar dopa. Mutanen da ba sa iya juyawa a kan gado suka tashi suka taka, ko da yake na 'yan sa'o'i ne.

Amma har lokacin babu wanda ya ga ƙwayoyin da ke haɗa sinadarin. Nan ne wurin da ya fi burge ni. A 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, Bengt Falck da Nils-Åke Hillarp suka gano cewa in an busar da yankin nama aka turara shi da tururin fomalin, irin wanda ake adana gawa da shi, ƙwayoyin katekolamin sai su yi ta ƙyalli kore a ƙarƙashin madubin likita. Ɗaliban Hillarp biyu, Annica Dahlström da Kjell Fuxe, suka zauna cikin ɗaki mai duhu a Stockholm suna yanka ƙwaƙwalwar ɓera siriri-siriri, suna bin ƙyallin nan gungu bayan gungu. A 1964 suka fitar da taswira, suka ba gungun lambobi daga A1 zuwa A12. Ita Annica shekarunta 23 a lokacin. Ku yi tunani, sa'ar ƙannenmu masu bautar ƙasa! Hillarp kuwa ya rasu a 1965, bai ga inda aikin ya kai ba. Lambobin nan har yau da su ake aiki.

Daga A1 zuwa A7 masu noradarenalin ne. Wanda ya fi suna cikinsu A6, ɗan shuɗin tabo mai dubban ƙwayoyi, shi ke zaburar da kai in ka ji ƙarar bindiga da dare. A9 shi ne baƙin tabon Tretiakoff, shi ke mutuwa a ciwon Baffa, kuma kafin hannu ya fara rawa kusan rabin ƙwayoyin sun riga sun tafi. Maƙwabcinsa A10 shi ne na jin daɗi da kwaɗayi, shi kodin da tiramol ke yi wa fashi. Da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, yaran da aka raba da kwalba suka shiga zufa da rawar jiki da rashin barci, A6 ne ya balle da aiki bayan an daɗe ana danne shi. Mai karkarwa da ɗan shaye-shaye, ashe matsalarsu unguwa ɗaya take.

Maganin da Baffa ke sha yau, lebodopa, George Cotzias ne ya nuna yadda za a riƙa ba da shi ta baki a Amurka a 1967. Carlsson ya samu kyautar Nobel a 2000. Hornykiewicz ba a ba shi ba, kuma a ganina an zalunce shi, haka ma masana sama da 200 suka rubuta wa kwamitin.

Akwai tambaya guda da likita ya yi wa Baffa da ta tsaya mini a rai: ko yana feshin maganin ciyawa? Yana yi, duk damina, babu takunkumi babu safar hannu. Dalilin tambayar shi ne, a 1982 a Kalifoniya wasu matasa suka yi wa kansu allurar gurɓatacciyar ƙwaya, cikin kwanaki suka sandare kamar tsofaffi. William Langston ya gano gubar, MPTP, tana zaɓar ƙwayoyin A9 ta kashe. Siffar abin da take rikiɗewa zuwa gare shi a jiki ta yi kama da farakwat, maganin ciyawan da manomanmu suka daɗe suna fesawa, kuma bincike da dama ya nuna masu yawan mu'amala da shi sun fi shiga haɗari. Turai ta hana shi tun 2007. Gado ma yana da nasa kason. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar halittar GBA1 da ke ƙara haɗarin ciwon ga 'yan asalin Afirka.

Lebodopa ba ya dawo da ƙwayoyin da suka mutu, ciko yake yi. Dole a sha shi kullum a kan lokaci, kuma daga waje ake shigo da shi. Tun da Naira ta faɗi a 2023, kuɗinsa na wata yana cin wani babban yanki na albashina, mu uku muke karo-karo. Wani watan sai na zaga kemis huɗu kafin in samu. Sau ɗaya ya yanke mana kwana biyar, Baffa ko tashi alwala bai iya ba sai an ɗaga shi.

Jiya bayan la'asar na same shi a zaure, ya sha maganinsa, ya jawo keken ɗinkin yana gyara wandon jikansa. Na ce, "Baffa, ku bari mana a kai wa yaran shago." Ya ce, "Kai dai zura mini zaren nan, sauran aikin nawa ne."