Waiwaye a Kan Yadda Masana Suka Rarrabe Ginshiƙan Kiɗa

Littattafan koyar da kiɗa sukan gabatar da ginshiƙansa, wato hawa da saukar amo, tsawon lokacin amo, da tsarin bugu, tamkar haka aka same su tun fil'azal. Alhali kuwa kowane ma'auni yana da tarihinsa, kuma an gina shi ne domin wani irin kiɗa na musamman.

Girkawan da suka bi koyarwar Fisagoras sun auna tazarar da ke tsakanin amo biyu da tsawon tsirkiya. Idan aka danne tsirkiya a tsakiyarta, rabin zai fitar da amo irin na farko amma a sama, lissafinsa 2:1. Idan kashi biyu cikin uku ne ya kaɗa, sai a sami 3:2. Mai goge yana aikata wannan da yatsunsa kullum, ko da bai taɓa jin sunan Fisagoras ba. Malaman Musulunci sun gaji wannan ilimi ta hanyar fassara, suka faɗaɗa shi. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya bambanta nagama, wato amo guda mai tsayayyen matsayi, da iƙa'i, wato tsarin lokutan da ke tsakanin bugu da bugu. Safiyuddin Al'urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya raba tazarar nan ta 2:1 zuwa matakai 17.

A Turai kuwa buƙatar coci ce ta ja gaba. A ƙarni na 11 Gido na Arezo, wani malamin coci a Italiya, ya daidaita rubuta amo a kan layuka, ya kuma koyar da gaɓoɓi shida, ut, re, mi, fa, sol, la, domin yara su iya rera sabuwar waƙa ba sai sun haddace ta daga bakin malami ba. Rubutunsa bai nuna tsawon lokacin amo ba. Sai a ƙarni na 13 Faranko na Kolon ya tsara alamomin hakan. Waɗannan gaɓoɓi ne, bayan an yi musu gyara, John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, makarantun mishan kuma suka kawo su Nijeriya.

A 1885 Alexander Ellis ya raba tazarar 2:1 zuwa ƙananan awo 1200, ya gwada kayan kiɗan al'ummu daban-daban, ya nuna cewa tsanin amo ba guda ɗaya ba ne a duniya. Wannan bincike, a ganinmu, shi ya fi shafar mai tsara manhajar Hausa. Kalangu ba ya tsayawa a kan do, re, mi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana sassautawa, amon yana zamewa yana bin karin sautin magana: sama, ƙasa, faɗau.

Akwai kuma matsalar keɓaɓɓun kalmomi. Kalmar "kari" ita ce muke amfani da ita ga karin sauti a nahawu, da karin waƙa a aruli, da kuma karin da mawaƙi ke rerawa. Ɗalibin da ya ji ta a darussa uku da ma'ana uku ba zai rasa ruɗewa ba. Muna ba da shawarar cewa kafin a ƙirƙiro sababbin kalmomi, a fara tattara waɗanda makaɗa ke amfani da su, a kuma duba ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971.